Jemagu Sun Tare Mana a Silin

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Tun bara jemagu suka tare a silin ɗinmu. Zarni ya hana mu sakat, kashinsu na zubowa ta jikin bango har kan gadon yara. Maigida ya ce zai fesa fiya-fiya, ya sa a liƙe ramin da siminti. Maƙwabciyata kuma ta ce a yi musu turaren barkono. Wanne ya fi? Daga wata uwargida, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Don Allah ki roƙar mini maigida ya dakata, ko ɗaya kada a yi.

Fiya-fiya gubar gona ce. Abin da aka fesa a silin ba ya tsayawa can, cikin dare yake saukowa kan masu barci, kuma ƙirjin yaro bai kai na babba ƙwari ba. Barkono kuwa ku zai fara shaƙewa, ga garwashi kusa da busasshen katako. In kuma aka liƙe ramin suna ciki, nan za su mutu da ƙishirwa, su ruɓe a samanku. Na sha shiga gidajen da aka yi haka. Sai da aka ɓalle silin gaba ɗaya kafin wari ya fita, kuɗin kafinta ya ninka.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin. Yanzu damina ce, ƙwari sun yawaita, kuma a irin wannan lokaci ne ƙananan jemagun rufi suka fi haihuwa. Jemage ba ƙwai yake yi ba. Uwar haihuwa take, galibi ɗa guda, ta shayar da shi nono, ta bar shi a rufi ta fita kiwo da magariba. Sai ya yi makonni kafin ya iya tashi. Duk wanda ya toshe ramin yau, ko da bayan manyan sun fita ne, ya raba uwa da ɗanta, ya bar jarirai su mutu da yunwa. Abu Dawud ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud cewa sahabbai sun ɗauke wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta biyu a wata tafiya, ta zo tana kaɗa fiffike, Manzon Allah (SAW) ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da su. Wannan ya ishe ni hujja.

Saboda haka ku daure zuwa bayan kaka, in hunturu ya kama. Kafin nan a toshe tsagar da ke tsakanin silin da bango ta cikin ɗaki, a matsar da gadon yara.

In lokacin ya yi, a sa mutum biyu su tsaya a kusurwoyin gidan daf da kiran sallar magariba, su ga ta inda suke fitowa. Sau da yawa ba rami ɗaya ba ne. Tsagar da ɗan yatsa zai shiga ta ishe su, musamman inda kwano ya haɗu da bango. Kafinta ya toshe duk ƙananan, ya bar babbar ƙofarsu. A kanta zai rataya yankin ragar sauro: ya kafe sama da gefe biyu, ya bar ƙasan a sake, ya sauko kamar ƙafa biyu ƙasa da ramin. Jemage zai sulale ta ƙasa ya fita, in ya dawo da asuba sai ya tarar da raga a bakin ramin, bai san yadda zai zagayo ta ƙasa ba. A bar ta mako guda, don ba duka ke fita kowane dare ba. In an ga magariba ta wuce babu mai fitowa, babu motsi a sama, sai a kawo siminti da ragar waya.

Ba za su rasa wurin zuwa ba, akwai kogon itace. Kuma suna nan suna cinye muku ƙwarin dare.

Wajen kwashe kashin, kada a share shi a bushe, ƙurarsa na iya jawo ciwon huhu. A yayyafa ruwa tukuna, a sa takunkumi da safar hannu. Mai lambu zai karɓe shi da murna, taki ne mai kyau.

Ki ja wa yara kunne kada su ɗauki jemagen da ya faɗo ƙasa. Tun 1956 aka gano wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare a jikin jemagu a Legas. A kife masa kwali, a zura wani kwalin ta ƙasa, a kai shi waje da dare. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, ko tabon bai kai ƙwayar gero ba, a wanke da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce Babban Asibitin Katsina a ranar, a faɗa wa likita cewa jemage ne.