Likita ya rubuta "yanar ido" kawai, wace lamba zan sa?

Tambaya: Ina aiki a sashen adana bayanan marasa lafiya, kuma da tsarin ICD-10-CM muke aiki, wato tsarin da ke ba kowace cuta lambarta. Sau da yawa likita kan rubuta "yanar ido" kawai, in sa H26.9, sai kamfanin inshora ya dawo mana da takardar. Ina matsalar take?

Amsa: Matsalar daga rubutun likita ta faro. Ma'anar H26.9 ita ce yanar da ba a fayyace irinta ba, ba ta ma nuna ko wane ido ne. Wanda zai biya kuɗin tiyata kuwa ba zai gamsu da haka ba.

Abu uku kake nema a fayil: musabbabin yanar, inda ta kama a cikin madubin ido (ɓangaren cikin ido da ke tattara haske), da kuma wane ido. Yawanci ta tsufa ce, wadda rukuninta H25. Idan tsakiyar madubin ta kama, H25.1 ce, sai lambar ƙarshe ta nuna ido: H25.11 dama, H25.12 hagu, H25.13 duka biyu. Wadda rauni ya jawo tana ƙarƙashin H26.1, ta magani, kamar yawan amfani da sitiroyid, H26.3. Jaririn da aka haifa da ita Q12.0 ne, a wani babi daban.

Mai ciwon suga ne ya fi rikita mutane. A wannan tsari, idan mutum yana da ciwon suga nau'i na biyu kuma yana da yana, ana ɗauka suna da alaƙa, a sa E11.36, sai fa idan likita ya rubuta cewa wani abu daban ne ya jawo ta.

Bayan tiyata, ka daina sa H25 a idon da aka yi wa aiki, tunda yanar ta fita. Z98.41 (dama) ko Z98.42 (hagu) ke nuna an cire ta, Z96.1 kuma an dasa madubin roba. Idan gani ya sake dusashewa saboda fatar bayan madubin ta yi hazo, wannan rukunin H26.4 ne, ko da majinyaci ya ce yanarsa ce ta dawo.

Kada ka ga ɗan shekara 70 ka yanke da kanka cewa ta tsufa ce. Mayar wa likita da fayil ya cike giɓin ya sa hannu, ya kuma rubuta ma'aunin ganin majinyacin da yadda yanar ke hana shi karatu ko tuƙi, domin da wannan ake tabbatar wa inshora cewa tiyatar ta zama dole.