Amsar Gwaggo kan sunan Nevaeh

'Yata, saƙonki ya iso, Allah Ya sauke ki lafiya. Kin ce kin ji sunan Nevaeh a bakin maƙwabciyarki a can Amurka, ya kwanta miki a rai, kina tambaya ko Larabci ne, kuma ko al'ada za ta bari a raɗa shi in mace kika haifa.

Ba Larabci ba ne. Kalmar Turanci ce, heaven, wato aljanna, aka karanto ta daga ƙarshe zuwa farko. A 1999 jarirai 8 kacal aka sa wa shi a duk faɗin Amurka. A 2000 wani mawaƙi, Sonny Sandoval, ya fito a tashar MTV da 'yarsa mai wannan suna, sai mutane suka yi caa a kansa. A 2005 kaɗai, yara mata sama da 4,000 aka sa wa. Kin ga ke ma kin girme shi.

Ƙirƙirar suna ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Macen da ta biyo bayan maza, Kande. Wadda aka haifa cikin watan azumi, Azumi, ta ranar Lahadi kuma Ladi. Uwa mai wabi takan kira 'yarta Ajuji, wai don mutuwa ta raina ta ta bar mata. Kowanne ka ji shi, ka san labarin haihuwar. Amma duk waɗannan laƙabi ne. Sunan yanka daban yake: shi ake yi wa huɗuba a kunne, shi liman ke faɗa ran bakwai a yanka rago, da shi za a ɗaura mata aure.

Abin da ya tsaya mini ke nan, 'yata. Sunan da sai an juya shi kafin a gane ma'anarsa, kakanninta a nan ba za su iya furta shi ba, za su laƙaba mata wani ko kina so ko ba kya so.

In aljannar kike yi mata fata, ga Firdausi, ga Kausar, duka suna cikin Alƙur'ani. Ku zauna da maigidanki, tunda zaɓen sunan yanka haƙƙin uba ne. Nevaeh kuwa, in har yana ranki, ki riƙa kiranta da shi a gida, babu mai hana ki.

Ki gaishe shi, ki kuma riƙa zuwa awo.