Ni dai harsashi zan zaɓa, ba bindigar ba

Wa alaikumus salam. Malam, ka tambayi wane makami ne ya fi sauya yanayin yaƙi a tarihi. Na ga 'yan'uwa sun ambaci nukiliya, wasu AK-47, matasa kuma duk jirgi marar matuƙi suke kira. Ni tsohon soja ne, ɗan maharbi, kuma amsata ita ce harsashi mai kwanson tagulla.

Wanda bai taɓa ɗura bindigar toka ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in zai ɗura tasa sai ya tsayar da ita bakinta na kallon sama, ya auna albarushi a tafin hannu ya zuba, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ƙarfe, ya zuba guntayen ƙarfe, ya sake cusa tsumma ya danna. Duk a tsaye, don ba ta ɗuruwa da kyau a kwance. In damina ce albarushi ya sha laima, sai ka ja kunama ka ji ƙyas kawai. Shi ya sa ake ce mata harba-ka-ruga. Barde a kan ingarma, in harbin farko ya kuskure shi, kafin ka gama ɗuri na biyu ya iso da mashi. Da irin wannan bindiga doki da lifidi ba su rasa darajarsu ba, kuma sarakunanmu sun daɗe da 'yan bindiga ba tare da sun ajiye dawaki ba.

Da aka haɗa albarushi da dalma da abin kunnawa cikin kwanso guda, ana sa shi ta baya, sai lissafi ya canza. Ruwa ba ya shigarsa, kana kwance a bayan tudu kana ɗuri, soja ɗaya yana sakin fiye da goma a minti. A kan wannan Hiram Maxim ya gina bindigarsa a 1884: tunkuɗar da harbi ke yi baya ita ke fitar da kwanson da ya ƙone ta jawo sabo daga ɗamara, kimanin 600 a minti, ga ruwa zagaye da bututun don kada ya yi ja. Ba kwanso, ba Maxim, ba AK ɗin da ake yabo.

A Karari, kusa da Omdurman a Sudan, ran 2 ga Satumba 1898, mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadin Sudan, kimanin 10,000 suka kwanta dama cikin safiya guda, ɓangaren Kitchener, kwamandan Ingila, kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Mu ma nan mun gani. Ran 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya shiga Kano da sojojin da ba su kai 1,000 ba, mafi yawansu ma baƙaƙen fata, da igwa da bindiga mai ruwa, wato Maxim, Sarki Alu yana can wajen Sakkwato. Ran 15 ga Maris aka kara a Giginya da ke Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, aka cim masa a Burmi cikin Yuli. Ina jin zafi in na ji yaro yana cewa kakanninmu tsoro suka ji. Mutumin da ya sako doki a guje ya tunkari layin da ke aman wuta, me kuma ake nema ya nuna?

Turawa sun san inda sirrin yake. A yarjejeniyar Brussels ta 1890 suka ƙuntata sayar da bindigogin zamani da harsasansu a mafi yawan Afirka, amma ta toka ba su matsa mata haka ba. Maƙeranmu na iya ƙera bututu, har igwa an zuba a Damagaram zamanin Sarki Tanimu, kuma maƙeran Samori Ture, sarkin da ya yaƙi Faransawa a yankin Guinea, sun kwaikwayi bindigar Faransa. Sai dai kwanso dubu-dubu masu awo ɗaya, wannan aikin masana'anta ne. Menelik na Habasha da ya samu hanyar sayen bindigogi da harsasai da yawa, ai kowa ya ji abin da ya yi wa Italiya a Adwa a 1896.

Kada kuma a ɗauka makami shi kaɗai ke yin aikin. A Satiru, kusa da Sakkwato, cikin Fabrairun 1906, talakawa da gatari da fartanya suka auka wa sojojin dokin Turawa kafin su gama shirya sahu, suka kashe Turawa 3 da sojoji fiye da 20, suka tafi da Maxim ɗin. Wata bai cika ba aka dawo da shiri aka shafe garin.

Mai maganar AK, ɗan'uwa, ka tambayi duk wanda ya yi aikin soja. In an tashi daga filin harbi ba a barinmu mu tafi sai mun durƙusa mun tsince kwanson da muka harba, saje ya ƙirga ya ga ya yi daidai da abin da aka fitar daga ma'ajiya. In ɗaya ya ɓata, ranar abincin rana sai la'asar.