Amsar Kawu ga Auwalu kan ƙuri'ar gida

Auwalu, ɗana, assalamu alaikum. Saƙonka ya iso. Ka ce kai da abokanka kuna son bin wata ƙaramar jam'iyya mai maganar dashen itatuwa da kwararowar hamada da magudanan ruwa, mahaifinka kuwa ya ce a gidanku inda mai gida ya dangwala nan kowa ke dangwalawa, haka aka gada. Kana tambaya ko da gaske al'ada ce, kuma ko saɓa masa ya zama rashin biyayya.

Ita ƙuri'a baƙuwa ce a ƙasar nan. A zaɓen 1951 talaka bai zaɓi ɗan majalisa kai tsaye ba, wakilai ne ke zaɓen wakilai hawa-hawa. Matan Arewa kuwa sai 1976 aka ba su damar jefa ƙuri'a, kakarka ta yi 'ya'ya kafin ta ga akwatin zaɓe. Abin da bai kai kakarka shekaru ba, da wuya a kira shi gadon kaka da kakanni. Kuma tun farko gidaje sun rabu a kan siyasa. Da aka kafa jam'iyyar adawa ta NEPU a Kano a 1950, samari ne suka cika ta, teloli da 'yan koli da almajirai, iyayen da yawansu suna tare da jam'iyyar NPC da fada. An ɗaure samarin, 'yan doka sun yi musu bulala, amma ɗan NEPU bai fasa durƙusawa ya gaida ubansa da safe ba. Wannan durƙuson shi ne gadonmu, shi nake so ka riƙe.

Akwai wani gadon kuma, kuma yana gefenka, ko da mahaifinka bai lura ba. A da manomi ba ya sare gawo a gonarsa, don ya san yana zubar da ganye da damina, gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma awaki su ci 'ya'yansa. Ɗorawa da kuka da tsamiya kowace da mai ita, ba mai sa mata gatari don kawai ya ga dama. Burtali da mashaya dagaci ke tsare su. A yankin Maraɗi, daga shekarun 1980, manoma suka koma barin tohon kututture a gona, suna rage rassa su bar masu ƙarfi su tashi, har aka ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar. Ba jam'iyya ce ta yi wannan ba, manomi ne da wuƙarsa. In za ka yi wa mahaifinka bayani, ta nan za ka shiga. Kada ka je masa da Turancin sauyin yanayi.

Sai dai ban so ka shiga da ido rufe. Ƙaramar jam'iyya a Najeriya tana shan wuya, kuma ba al'ada ce ke kashe ta ba. Ka saurari rediyo da dare a Kano. Filayen siyasa saye ake yi, sojojin baka kuma suna da iyayen gidan da ke biya. Wanda ya zo da maganar kwata da shara da gawayi, wa zai saya masa minti biyar? Ɗan jarida ma ya fi son wane ya zagi wane, don shi ake tsayawa a ji a teburin mai shayi. Ku da ke Facebook da TikTok kuna ganin kun cika gari saboda yawan masu yaba muku, alhali tsohuwar da za ta yi sammako ta shiga layi ba ta taɓa jin sunanku ba, ta dai ga wanda ya kawo atamfa da taliya.

Ga doka kuma. A 2019 jam'iyyu 91 ne a rajista. A Fabrairun 2020 INEC ta soke 74 saboda ba su cika sharuɗɗan tsarin mulki ba, har da jam'iyyar kare muhalli ta Green Party of Nigeria. Tsarin namu wanda ya zo na ɗaya ne ke kwashe kujera, na biyu ya tafi hannu rabbana. A Jamus, inda ake raba kujeru gwargwadon ƙuri'a in jam'iyya ta kai kashi 5 cikin ɗari, 'yan kare muhalli sun shiga majalisa tun 1983. A Ingila, mai irin tsarinmu, sai 2010 suka samu kujera ɗaya tak.

Abin da ya fi ba ni haushi ba taliya ba ce, zaman gida ne. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ke da rajista, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba. Kowa ka tambaya sai ya ce "duk kanwar ja ce," ko "an riga an rubuta sakamako." Ban ce ba su da hujja ba, an sha yi musu alkawarin da bai cika ba. Amma ai PRP ma haka aka raina ta, sai ga shi a 1979 ta ci Kano da Kaduna, gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali. Ba daga sama ta faɗo ba, wahalar shekara kusan talatin ce tun daga NEPU. In ku ma kuna da wannan haƙurin, bismillah. In kuwa kujera kuke hange a zaɓe mai zuwa, kun yi sake.

To ga shawarata. Ka same shi bayan sallar isha'i, shi kaɗai, ba a gaban ƙannenka ba. Ka faɗa masa abin da ke ranka, ya yi faɗa ka yi shiru. Kada ka liƙa fostarku a ƙofar gidansa, gidan nasa ne, kada kuma ka ja da shi a majalisa. Ranar zaɓe kuwa ɗakin dangwale mutum ɗaya yake ɗauka. Ka duba katin zaɓenka yana nan, ka tambayi abokan naka su nawa ne ke da shi, don na san halin samari. Ni ma zan biyo ranar Juma'a bayan masallaci in yi masa magana. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka.