Sharuɗɗan shiga ACO a tsarin Medicare

Likita, ka tambayi abin da doka ke nema kafin asibitinku a Amurka ya shiga ACO, wato ƙungiyar likitoci da asibitoci masu haɗa kai wajen kula da marasa lafiya, inda ake raba muku rarar kuɗin da kuka tsimar wa Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi da naƙasassu. Dokar lafiya ta 2010 ce ta kafa tsarin. Dole ƙungiyar ta yi rajista, ta kula da masu Medicare aƙalla 5,000, ku mahalarta ku riƙe aƙalla kashi 75 cikin 100 na kwamitin gudanarwa, a zaunar da mai Medicare ɗaya a ciki. Ka lura sosai: in kuna kula da lafiya a matakin farko, lambar harajinku ba ta shiga ACO biyu. Yarjejeniyar ACO da Medicare ta shekara 5 ce, lauya ya duba muku rabon riba da asara kafin sa hannu.