Filin Tambaya da Amsa: Par, bardi, bogi da sauran kalmomin golf

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kallon golf a tele amma lissafin ya ɗaure mini kai. Mai -12 yana sama, mai +3 yana can ƙasa, masu sharhi kuma suna ta faɗin bardi da bogi. Ku warware mini. Daga mai karatu a Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A golf mai ƙarancin bugu shi ke cin wasa, kuma duk kalmomin nan a jikin kalma guda suke rataye, wato par. Par shi ne yawan bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallonsa ya faɗa rami. Ramin da ke da gajeriyar tazara daga wurin bugun farko par 3 ne, matsakaici par 4, mai doguwar tazara par 5, kuma a kowanne an ware bugu biyu na gangarawa kusa da ramin. Cikakken fili rami 18 ne, galibi jimillarsa par 72.

Ka ɗauki rami mai par 4. In ka shigar a bugu 4, ka yi par. A bugu 3, bardi ke nan. A bugu 2, igil. In ka kai 5 ka yi bogi, 6 kuma dobul bogi. Albatiros shi ne rage bugu uku daga par, abin da ba kasafai ake gani ba. To -12 na nufin ɗan wasan ya rage bugu 12 daga par ɗin ramukan da ya buga, +3 kuma ya haura par da bugu 3. A gasar Masters ta 1997 a Ogasta ta Amurka, Tiger Woods ya gama zagaye huɗu da bugu 270, alhali par ɗinsu 288 ne, shi ya sa allo ya nuna -18.

Tambaya: Ɗana zai fara ɗaukar wa ƴan golf jaka a Yamai. Me ya kamata ya sani? Daga wata uwa a Tawa.

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka. Sunan aikinsa kadi, kuma ya wuce dako. Tun kafin a tashi ya ƙirga sanduna, kada su haura 14. In sun haura, maigidansa ne zai sha tara, wato a ƙara masa bugu biyu a lissafinsa a kowane ramin da ya buga a haka, har zuwa bugu huɗu. Direba ce sandar bugu mai nisa, pota kuma ta gangarawa.

Ti shi ne wurin bugun farko, haka ma sunan ɗan tsinken da ake ɗora ƙwallo a kai. Feyawe ita ce gyararriyar hanya, raf kuma gefenta mai ciyawa ko duhuwa. Girin shi ne dandalin da ramin yake, ramin da faɗin bakinsa santimetir 10.8 ne kawai. A ƙasashenmu na Sahel, inda ruwa ke da tsada, akan yi dandalin da rairayi gauraye da mai, ana kiransa burawun, sai an share layin ƙwallo ya yi sumul kafin a buga. Bonka kwarin rairayi ne: an hana sanda taɓa rairayin gaban ƙwallo ko bayansa kafin bugu, kadi kuma shi ke share sawu.

Babban aikinsa dai ido. Ƙwallon da ya ɓace minti 3 kacal ake nemansa (kafin 2019 minti 5 ne). In ba a gan shi ba, ko ya ƙetare fararen turakun iyaka, akwai tarar bugu ɗaya, a kuma koma inda aka buga. Wanda ya ɓatar daga ti, bugunsa na gaba na uku ne. Don haka yaron ya bi ƙwallo da kallo har ya tsaya, ya riƙe alama, ko da wata bagaruwa ce ko suri. In kuma ya ji an ƙwala "fo!" ko "bal!", ya duƙa ya kare kansa da hannu, ƙwallo ne ya nufo mutane.