Sadaki, gara, da kalmar dowry

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Kin ce da kika gaya wa ƙawarki Baturiya cewa ango ne zai biya dowry ɗinki, ta yi mamaki, don a saninta iyayen amarya ke bayarwa. Kowaccenku tana da hujja, amma tata ce ma'anar da aka fi sani a Ingila yau.

Kalmar ta shiga Turanci ne daga Faransanci, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, tushenta kuwa Latin, daga kalmar da ke nufin bayarwa. A wajen Turawa dukiya ce da amarya ke tafiya da ita gidan miji, kuma a da mijin ne ke juya ta. A gidajen sarauta abin ya kai har garuruwa ake bayarwa. Da Sarkin Ingila Charles na Biyu ya auri gimbiyar Fotugal Catherine a 1662, cikin abin da ta zo da shi har da Bombay da Tanja. A Indiya kuwa nauyin ya yi wa iyayen mata yawa, ana gallaza wa amare saboda shi, har aka yi dokar haramta shi a 1961. Akwai kuma 'yar uwar kalmar, dower, wato kashi ɗaya cikin uku na filayen miji da a da matar ke ci bayan rasuwarsa.

Amfanin da muke yi da kalmar a Nijeriya ma yana da asali. A da, Turanci ma ya kira abin da ango ke biya da wannan sunan, kuma a 1956 Jihar Gabas ta yi dokar taƙaita kuɗin aure da kalmar dowry a sunanta.

Abin da ya fi damuna shi ne kada ƙawarki ta ɗauka sayenki ake yi. Sadaki haƙƙinki ne ke kaɗai, ba na babanki ba, ba nawa ba. A mazhabarmu ta Malikiyya mafi ƙarancinsa rubu'in dinari, kuma ko sisi ba a taɓawa sai da yardarki. Idan tana neman abin da ya yi kama da nasu, gaya mata gara da kayan ɗaki, su muke haɗawa mu kai ki da su, kuma kayan ɗakin naki ne. Ki gaida mamanki, ki ce mata ina nan tafe mu zauna kan lissafin garar.

Gwaggonki